Yadda Ake Tafiya Kiribi da Mota a Kwana Cikin Tanti a Bakin Teku

Daren farko da na kafa tanti a bakin teku, kudu da garin Kiribi, sanyin ruwa ne ya tashe ni wajen ƙarfe uku na dare. Da yamma na zaɓi wani fili mai laushi, sumul kamar an share shi da tsintsiya, tsakanina da ruwa taku talatin ko fiye, teku kuma yana ta ja da baya. Cikin dare ya dawo. Ƙanena ne ya fara ji, ya girgiza ni yana cewa, "Yaya, tashi, ruwa ya shigo." Muka kwashi katifa da jakunkuna cikin duhu, takalminsa ƙafa ɗaya ya tafi ke nan. Ni da na tashi a ƙasar Adamawa, na sha kwana a daji, ban taɓa zaton akwai abin da za a koya mini game da shimfiɗa a waje ba. Ashe abin da ɗan arewa ya sani na kwanan daji, rabinsa ba ya aiki a gaban teku. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan bayani daki-daki, domin wanda zai bi hanyar bayana ya more tafiyarsa tun daga daren farko.

Kiribi gari ne a Jihar Kudu ta ƙasar Kamaru, a bakin Tekun Atlantika, inda kogin Kiyenke yake shiga teku. Daga garin zuwa iyakar Ikwatoriyal Gini akwai gaɓa mai farin yashi da itatuwan kwakwa, kurmi kuma yana gangarowa har bakin ruwa. Kwana huɗu ko biyar a can sun isa, ban da kwanakin hanya.

Fara da zaɓen wata

Ruwan sama a wannan yanki ba irin namu ba ne. Ana iya wuni ana kwana ana tsuga shi. Watannin Satumba da Oktoba su ne mafi tsanani, kada ka ma sa su cikin lissafi idan tanti ne masaukinka. Daga Disamba zuwa Fabrairu ne sama take sassautawa, ko da yake ko a lokacin ma hadari yana iya haɗowa cikin dare. Ƙarshen Disamba mutanen Duwala da Yawunde suna cika garin don hutun ƙarshen shekara, farashin komai ya tashi, kiɗa kuma har asuba. Ni dai Janairu na fi so. Hanyar jar ƙasa ta kudu ta bushe, jama'a sun ragu, kunkurun teku kuma ba su gama fitowa yin ƙwai ba.

Bayan watan Bature, ka duba na Musulunci ma. Zan faɗi dalili idan mun zo wurin kafa tanti.

Mota da takardu

Har zuwa cikin garin Kiribi da magangarar ruwan Lobe kwalta ce, ƙaramar mota tana zuwa lafiya lau. Idan kana da niyyar zarcewa kudu zuwa Eboje da Kampo, wajen iyakar Ikwatoriyal Gini, to nemi mota mai tsayi daga ƙasa, in da hali mai jan ƙafa huɗu. Mako guda kafin tashi ka kai ta wurin bakanike ya duba birki da tayoyi da lagireto da abin share gilashi. Kada ka bari sai ana gobe tafiya, domin gyaran da aka yi jiya shi ne yake ba da matsala a hanya. Safaya ta zama mai iska, da jak da sufana, da famfon ba taya iska, da shebur ƙarami, da igiya mai kauri ta jan mota. Ka ƙara da guntayen katako biyu masu faɗi. Jak ba ya tsayawa a kan yashi sai da katako a ƙarƙashinsa.

Shingayen jandarmomi da 'yan sanda suna da yawa a hanyoyin Kamaru, kuma abin da suke tambaya sananne ne: katin shaida ko fasfo na kowa da ke cikin motar, lasin tuƙi, takardar mallakar mota, inshora, da takardar shaidar an duba lafiyar mota. Sukan nemi ganin tukunyar kashe gobara da akwatin magani da alamar nan mai kusurwa uku da ake ajiyewa a titi idan mota ta lalace. Ka haɗa takardun cikin leda guda a inda hannunka zai kai. Ka rage gudu tun daga nesa, ka sauke gilashi, ka fara gaisuwa. Mai cikakkun takardu da sakin fuska ba ya daɗewa a shinge.

Wanda zai shigo daga Najeriya ko Nijar yana da ƙarin abu uku. Na farko katin rigakafin zazzaɓin shawara, ana tambayarsa a iyaka. Na biyu, Kamaru ba ta cikin ƙungiyar ECOWAS, tana cikin ta ƙasashen tsakiyar Afirka ne, don haka inshorar motarka ta gida ba za ta wadatar ba, sai ka sayi tasu a iyaka tare da takardar izinin shigar da mota daga kwastan. Na uku, sefar Nijar daban, sefar Kamaru daban, ko da yake darajarsu ɗaya. Mai kifi a Kiribi ba za ta karɓi takardar kuɗin Yamai ba. Kuma kada taswira ta ruɗe ka da gajeriyar hanya ta Ikom da Mamfe, domin tana ratsa yankin masu magana da Turancin Ingilishi inda ake fama da rikici shekara da shekaru. Ka bi ta wajen Garwa ka gangaro Ngaundere, bayan ka tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki a makon.

Kayan da za ka ɗauka

Tanti mai rufi biyu, na ciki mai raga kamar gidan sauro, na waje mai hana ruwa. Tanti mai rufi ɗaya ba ya shaƙar iska, kafin asuba gumi da raɓa sun jiƙa ka daga ciki. Sai tampol biyu, ɗaya na shimfiɗawa a ƙasa, ɗaya babba na ɗaurawa a sama. Bargo mai nauyi ka bar shi a gida, zanen gado ya ishe ka, can babu hunturu. Tufafi marasa nauyi na auduga, amma da riga mai dogon hannu da safa saboda maraice.

Ruwan sha jarka biyu masu cin lita 20, a sake cikawa a gari. Ƙaramar tukunyar gas ta fi itace, don itacen bakin teku a jiƙe yake kuma hayaƙi kawai yake yi. Ashana da gishiri da sukari da garin shayi duk su shiga robobi masu murfi. Danshin wurin yana narkar da sukari, yana kashe ashana cikin kwana ɗaya. Kilishin da na saya a Ngaundere, wanda a gida yake wata guda lafiya, a kwana na uku ya fara fumfuna saboda a takarda na bar shi. Ka ɗaure shi cikin leda ka matse iskar.

Kada ka manta da tocila ta ɗaurawa a goshi, batirin cajin waya, buta, sallaya, buhunan zuba shara, man shafawa mai korar sauro, da buhunan shinkafa huɗu ko shida da babu komai ciki. Amfanin buhunan yana gaba.

Hanya

Daga Ngaundere hanya ta bi ta Maiganga, Garwa Bulai, Bertuwa, Abong Mbang, Ayos, sannan Yawunde, sama da kilomita 800. Kada ka yi ta a yini ɗaya. Ka kwana a Bertuwa, ka kwana na biyu a Yawunde, inda unguwar Birketeri take cike da 'yan uwa Hausawa, ga masallatai ga abincin gida. Wanda ba ya son wahalar tuƙin nan yana iya hawa jirgin ƙasa na dare daga Ngaundere, gari ya waye masa a kusa da Yawunde, ya yi hayar mota daga can.

Daga Yawunde ka tashi bayan sallar asuba, ka kama babbar hanyar Duwala har Edeya, kimanin kilomita 180. Wannan hanya ita ce mafi hatsari a duk tafiyar. Tana da kwanoni da tuddai, manyan motoci masu ɗauke da gungumen katako da kwantena suna bin ta dare da rana, motocin fasinja kuma suna wuce juna a inda ba a ganin gaba. Idan ka samu kanka bayan mai katako, ka ja baya ka yi haƙuri har fili ya buɗe. Sauri kan haifi nawa. Akwai wuraren biyan kuɗin hanya, sefa 500 kowanne, ka tanadi canji kuma ka riƙe rasit.

A Edeya ka cika tanki, ka ci abinci. Idan da lokaci ka leƙa kogin Sanaga, kogi mafi tsawo a Kamaru, ka ga tsohuwar gadar ƙarfe da Jamusawa suka gina a 1911. Daga nan sai ka juya kudu, kilomita 110 ko kusa da haka zuwa Kiribi, ta cikin gonakin kwakwar manja da kurmi. Mai tasowa daga Duwala shi tafiyarsa gajeriya ce, duka-duka kimanin kilomita 170.

Ka yi lissafin isa kafin la'asar. Garin yana dab da layin da ya raba duniya biyu arewa da kudu, rana tana faɗuwa wajen shida zuwa shida da rabi duk shekara, kuma da ta faɗi duhu yake rufewa nan take, babu doguwar almuru irin tamu.

Wurin kafa tanti

A nan ne tafiya take gyaruwa ko ta ɓaci, don haka zan tsaya in yi bayani sosai.

Da farko, babu gaɓar da ba ta da mai ita. Ko ka ga wuri shiru babu kowa, filin wani ne, ko mashigar kwalekwalen wani ƙauye. Hanya mafi sauƙi a daren farko ita ce ka je ɗaya daga ƙananan masaukan baƙi da ke jere a bakin ruwa tsakanin gari da Lobe, ka roƙi a ba ka wurin kafa tanti a harabarsu ka biya wani abu. Ka samu mai gadi, ka samu banɗaki da ruwan wanka, motarka kuma tana cikin shinge. A ƙauye kuwa sai ka nemi gidan mai gari. Ka gaishe shi, ka faɗi daga inda ka fito da kwana nawa za ka yi, ka miƙa ɗan abin gaisuwa. Yawanci da Faransanci ake magana, idan ba ka ji, ka tafi da mai ji. Shi zai sa a nuna maka wuri, kuma daga lokacin ka zama baƙon gari, kowa ya san da zamanka. Kada ka kwana kai kaɗai a gaɓar da babu kowa kusa, musamman dab da gari, ana samun masu ƙwace.

Na biyu, ka karanta yashi. Teku yana cikowa sau biyu yana janyewa sau biyu a kowane yini da dare, kuma lokacin yana matsawa gaba da kusan minti hamsin kullum. Filin nan mai santsi da tauri da ya ba ni sha'awa, ruwa ne ya goge shi, wato gadon teku ne. Washegarin daren da na jiƙe, wani dattijo masunci yana gyaran koma ya ga muna shanya. Na ce, "Baba, ina ya kamata mu kwana?" Bai yi dogon bayani ba. Ya kama hannuna ya kai ni wani layi da ya bi gaɓar tun daga nan har inda ido ya ƙare, layin busassun ganye da ƙirare da ɓawon kwakwa da murafun kwalabe. Ya nuna shi da ƙafa, ya ce nan ruwa ya tsaya jiya. Sannan ya ƙara taku goma sama, inda wata ciyawa mai yaɗo ta fara rufe yashi, ya ce nan ruwa ba ya zuwa. Ka nemi wannan layi, ka wuce shi, ka kafa a inda tsiro yake.

Ga amfanin watan Musulunci: cikowar teku tana bin wata. Lokacin tsayuwar sabon wata, da kuma daren sha huɗu da sha biyar, ruwa yana hawa fiye da kullum, ya wuce layin jiya. Idan kwanakinka sun faɗa a nan, ka ƙara matsawa sama.

Na uku, ka ɗaga kai. Inuwar kwakwa tana da daɗi, amma ƙwallo ɗaya idan ya faɗo daga wannan tsayi yana fasa gilashin mota, balle kan mutum. Kada tanti ko mota su kasance ƙarƙashinta. Haka kuma ka nisanci bakin ƙoramu da kududdufai da ke bayan gaɓa, can ne matattarar sauro da wasu ƙananan ƙwari da mutanen wurin suke kira mutmut. Ba ka ganinsu sosai, ba ka jin kukansu, sai da safe ka ga ƙafafunka sun yi jajayen ɗigo masu ƙaiƙayin da yake kai mako. Safe da maraice suke fita. Ka shafa mai, ka sa safa da dogon wando tun kafin magariba.

Sai kafawar kanta. Ka share wurin daga ƙirare, ka shimfiɗa tampol, ka naɗe gefensa ciki yadda ba zai leƙo waje da tanti ba, in ba haka ba shi zai tara ruwan sama ya kai maka ƙarƙashin katifa. Ƙofa ta kalli teku don iska. Turakun ƙarfe da ake sayar da tanti da su ba sa kama yashi, iska kaɗan ta tuge su. A nan buhunan shinkafa suke aiki: ka cika kowanne da yashi rabi, ka ɗaura igiyar tanti a wuyansa, ka haƙa rami kamu ɗaya ka binne. In babu buhu, ka ɗaura igiyar a tsakiyar guntun itace ka binne shi a kwance. Daga nan ka ɗaura babban tampol a sama, da tazara tsakaninsa da tanti don iska ta ratsa, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsayi yadda ruwa zai gangare.

Mota kuwa ta tsaya a kan ƙasa mai tauri. Kada sha'awar hoto ta sa ka shiga da ita yashi. Idan tsautsayi ya sa ta kafe, ka ɗaga ƙafa daga totur nan da nan, don ƙara wuta ƙara nutsewa ne. Ka rage iskar tayoyi, ka tone yashin gabansu, ka jera ganyen kwakwa ko katako, ka fita a hankali, sannan ka mayar da iska da famfo.

Abu na ƙarshe a nan: kada ka shanya jiƙaƙƙun kaya a ƙasa. Akwai wani ƙuda a ƙasashen kurmi da yake yin ƙwai a ƙasa da kan tufafi masu danshi, tsutsarsa ta shiga fata ta zama kamar maruru. A igiya za ka shanya, a cikin rana sosai.

Salla da abinci

Teku yana yamma da kai. Alƙibla daga Kiribi arewa maso gabas take, don haka idan ka ba teku baya sai ka karkata hagu. Ruwan teku yana halatta alwala, hadisi ya tabbatar da cewa ruwansa mai tsarkakewa ne kuma mushensa halal ne, sai dai gishirin yana sa fata ɗanko, shi ya sa nake ajiye buta ɗaya ta ruwan daɗi. Tafiyar ta wuce nisan ƙasaru nesa ba kusa ba, ka tambayi malaminka hukuncin kwanakin da ka yi niyyar zama tun kafin ka tashi. Akwai masallaci a cikin gari, kuma a kasuwa za ka samu mahauta 'yan arewa idan nama kake so. A gidajen abinci na kan hanya ka riƙa tambayar irin naman da ke cikin miya, saboda naman daji da na alade ba baƙi ba ne a yankin.

Amma wanda ya zo Kiribi kifi ya zo ci. Ka je mashigar masunta da ke bakin kogin Kiyenke, ka zaɓi kifinka da kanka. Ka buɗe kumatunsa, idan ciki ja ne jawur kuma idonsa garau, na yau ne. Ka yi ciniki, ka kai wa matan da ke gashi a gefe, su gasa maka a kan gawayi da yaji, su haɗo da soyayyar ayaba ko bobolo, wato rogon da aka jiƙa aka daka aka naɗe a ganye aka dafa. Yana da ɗan tsami, bakin da bai saba ba sai a hankali. Jatan lande kuwa shi ne abin alfaharin garin. Sunan ƙasar ma daga gare shi ya fito, domin Turawan Fotugal da suka iso bakin kogin Wuri a ƙarni na 15 sun tarar da shi jingim, suka sa wa kogin sunansa da harshensu. Daga mashigar ka taka zuwa hasumiyar fitilar jiragen ruwa da Jamusawa suka gina a 1906, ka tsaya nan har rana ta nutse cikin ruwa.

Magangarar ruwan Lobe

Kilomita 7 kudu da gari, kogin Lobe yana fitowa daga kurmi ya zubo daga kan baƙaƙen duwatsu kai tsaye cikin teku. Wurare kaɗan ne a duniya ake ganin haka. Ba tsayinsa ne abin mamaki ba, bai wuce mita 20 ba, faɗinsa ne da yadda ya rarrabu hannu-hannu tsakanin duwatsu da itatuwa, ruwan kogi mai launin shayi yana karo da raƙuman ruwan gishiri, ƙarar kuma tana cika ƙirji. Gani ya kori ji.

Ka je da sassafe kafin masu yawon buɗe ido su taru. Masu kwalekwale za su tare ka tun daga inda ka ajiye mota. Ka zaɓi ɗaya, ku gama magana a kan tudu: nawa ne, zuwa da dawowa ne, mutum nawa, minti nawa. Ka nemi rigar kariya daga nutsewa ga kowa, in babu kada yara su shiga. Waya cikin leda. A cikin kwalekwale a zauna a tsakiya, ba a miƙewa don ɗaukar hoto. Duwatsun gefen ruwan suna da gansakuka mai santsi kamar sabulu, kada ka hau. Wurin yana da daraja a al'adar Batanga da sauran mutanen gaɓar, suna da bukukuwansu na gargajiya a nan, don haka idan an ce kada a taka wani wuri, a bar shi.

Sama da magangarar, kogin a kwance yake lumui, ana shiga kurmi da kwalekwale. Wannan ita ce sa'ar da na fi ƙauna a duk tafiyar. Itatuwa sun haɗe a sama, babu ƙarar komai sai filafili da tsuntsaye, a gefe kuma ga tarkunan jatan lande da aka saƙa kamar ƙananan kwanduna. Za a yi maka tayin kai ka zangon Bagiyeli, mutanen kurmi na asali. Ra'ayina shi ne, idan za ka je, ka je a matsayin baƙo mai gaisuwa. Ka nemi izini kafin hoto, kuma abin da za ka bayar ka sa shi a hannunsu da kanka. Na ga yadda ake tara su a sa su rawa don baƙi su ɗauka a waya, kuɗin kuma ya tsaya a aljihun ɗan rakiya, abin bai yi mini daɗi ba.

Shiga ruwa

Wanda ya iya iyo a Binuwai ko a tafkin garinsu kada ya ɗauka ya iya teku. Akwai igiyar ruwa da take komawa ciki da ƙarfi ta wata siririyar hanya, kuma abin tsoron shi ne wurin ya fi ko'ina kama da lafiya: raƙuman ruwa suna fashewa dama da hagu, tsakiya kuma shiru, ruwan ya ɗan fi duhu. Nan ne take. Idan ta ɗauke ka, kada ka yi kokawa da ita kana neman tudu kai tsaye, za ka gaji. Ka yi iyo a gicciye, gefen da gaɓa ta miƙa, har ka fita daga cikinta, sannan ka juyo. Ka yi wanka a inda 'yan gari suke yi, ruwa kada ya wuce ƙugu, ban da bakin kogi, ban da dare, kuma yaro kada ya fi tsawon hannu nisa da babba.

Kudu: Eboje da Kampo

A kwana na uku ka naɗe tanti, ka cika mai da ruwa da burodi a gari, ka ciri kuɗi a hannu, don can gaba sabis ɗin waya yana zuwa yana ɗaukewa. Za ka wuce Giran Batanga, sannan sabuwar tashar manyan jiragen ruwa da ta fara aiki a 2018. A wannan yanki ne kuma bututun man da ya taso daga Doba ta ƙasar Chadi, mai tsawon kilomita 1,070, yake ƙarewa a cikin teku. Kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoton tashar ko na sojoji. Lokacin da na bi, bayan tashar jar ƙasa ce da ƙananan gadoji. Gadar da ba ka yarda da ita ba, ka sauka ka taka ta da ƙafa tukuna.

Eboje ƙauyen masunta ne na ƙabilar Iyasa, kimanin kilomita 50 daga Kiribi, kuma an san shi da kare kunkurun teku. Daga wajen Oktoba zuwa Maris matan kunkuru suna fitowa cikin dare su haƙa rami a yashi su zuba ƙwai, wajen ɗari a rami guda, bayan kamar wata biyu 'ya'yan su fashe su nufi ruwa. Cikinsu har da nau'in da ya fi kowane kunkuru girma a duniya, mai baya kamar fata, wanda nauyinsa yake kai ɗaruruwan kilo. Mutanen ƙauyen suna da masu sintiri a gaɓa, ta hannunsu za ka bi, su ne kuma za su nuna maka inda za ka kafa tanti ba tare da ka danne rami ba.

Dokokin kallon ba su da yawa amma babu sassauci. Ba a kunna farar fitila, ba a ɗaukar hoto da walƙiya, ba a hura wuta a gaɓa. Haske yana sa uwar ta fasa ta koma ruwa da ƙwanta, 'ya'yan kuma yana juyar da su daga teku su nufi tudu su mutu. A tsaya ta bayanta, a yi shiru, ba a taɓa ta. Mun yi tafiyar kusan awa biyu cikin duhu a bayan mai sintiri kafin ya tsaya ya nuna mana wata sawu mai faɗi da ta fito daga ruwa, kamar an ja buhu. A ƙarshenta ga ta nan, tana watsa yashi da ƙafafun baya, tana numfashi mai nauyi kamar wanda ya sauke kaya, hawaye mai kauri yana bin idonta, wanda ta nan take fitar da gishirin jikinta. Ƙanena ya matso ya ce a hankali, "Yaya, tsarki ya tabbata ga Allah." Wani daren ana yawo har asuba ba a ga ko ɗaya ba, don haka ka ware kwana biyu. Idan an kawo maka ƙwai ko ƙoƙon bayan kunkuru na sayarwa, kada ka saya.

Daga Eboje saura kaɗan ka kai Kampo, ƙarshen hanya, inda kogin Ntem ya raba Kamaru da Ikwatoriyal Gini. Nan ne mashigar gandun dajin Kampo Ma'an, wanda aka kafa a shekarar 2000, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 2,600, da giwayen kurmi da ɓauna da manyan birai irin su gorila. Ba a shiga sai da izini da ɗan rakiya daga ofishin masu kula da gandun, kuma kwana a ciki shiri ne na daban, da takalmin ruwa da masu dako. Kurmi ba kamar dajin Waza na arewacin Kamaru ba ne inda ake hango dabba daga mota. A nan sawu da kashi da kuka ne rabon mafi yawan baƙi.

Ranar komawa

Ka jira rana ta busar da raɓar tanti kafin ka naɗe, ka kakkaɓe takalma kafin ka sa ƙafa. Ka tone buhunan da ka binne, ka zazzage, ka cike ramukan. Sharar ka, har da ledar ruwa da gwangwanin madara, ta bi ka zuwa gari. Ka koma ka sallami mai gari ko mai masauki.

A Edeya ko Yawunde ka kai mota wurin wanki, ka ce a fesa ƙarƙashinta da ruwa sosai, domin iskar gishiri tana cin ƙarfe a ɓoye, bayan wata biyu sai ka ga tsatsa. Da isarka gida ka sake buɗe tanti da tampol a rana yini guda kafin ka ajiye, in ba haka ba za su yi baƙin fumfuna da wari. Kuma duk wanda ya ji zazzaɓi ko ciwon kai a cikin makonnin da suka biyo baya, ya je a gwada jininsa a ranar, ya faɗa wa likita cewa daga kurmin kudu ya dawo.